Ƙusar Kwangila

Kwana tara kacal da karɓo ta.
Ledar kujeru ma ban ɓare ba,
ƙamshin kamfani bai gama fita ba,
bashinta kuwa shekara huɗu zai yi yana cin albashina.

Ranar Laraba na taso daga asibitin Shika,
aikin dare ya zuba mini barkono a ido,
ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya.
Ina shiga ƙarƙashin gadar Kwangila
sai sitiyari ya soma yi mini gardama,
in ja dama, ya ja hagu,
can ƙasa wani abu yana ɓal-ɓal-ɓal.

Na fito. Tayar gaba ta zauna daɓas,
ta lotse kamar fanken jiya.
Wani ɗan kamashon motar Funtuwa ya leƙo:
"Hajiya, sabuwa ce fa!"
Kamar ba ni na sa hannu a takardar ba.

Na buɗe but. Safaya na nan, baƙa wuluk,
ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba.
Jak ne babu.
Gurbinsa kawai, an yanka siffarsa a jikin soso,
kamar kabarin da aka haƙa, mai shi bai iso ba.

A gilashi akwai lambar dillali:
Kira mu dare ko rana.
Na kira. Aka sa mini kiɗa.
Wata murya ta ce kirana yana da muhimmanci,
ta faɗa, ta maimaita, ta sake faɗa,
har kuɗin wayata suka ƙare da muhimmancinsu.

Haladu mai faci, ban kira shi ba.
Daga rumfarsa ya hango ni,
ya tsallako titi da buhu a ka, jak a kafaɗa,
ya durƙusa cikin taɓo bai tambayi sunana ba.
Ya tsoma tayar a rabin duro,
muka zuba ido har kumfa ya tona asiri.
Ya sa filaya ya zaro ta:
ƙusar rufin kwano, inci uku, ta yi tsatsa.
"Ga ɓarauniyar," in ji shi.
Dubu ɗaya. Ba rasit, sai "Allah ya kiyaye gaba."

Washegari na tafi wurinsu, can wajen PZ.
Gilashi ko'ina, sanyi har cikin ƙashi,
Rifkatu ta miƙo ruwan roba da lamba ta sha ɗaya.
Na idar da azahar, na idar da la'asar a ofishin nan.

Malam Sadisu manaja ya lashi yatsa,
ya buɗe littafin garanti, shafi na sha bakwai.
"Inji namu ne. Giya tamu ce.
Ƙusa kuwa, Hajiya, ƙaddara ce."
Na ce to jak fa, shi ma ƙaddara ce?
Ya ce yana hanya daga Legas.
Sai ya shafa facin, ya yamutsa fuska:
"Wa ya taɓa mana taya?"
Na ce Haladu.
"Ai ba ma'aikacinmu ba ne."
Na ce na sani. Shi ya sa ya zo.

Suka wanke mini ita kyauta,
suka rataya ɗan turare a madubi,
suka ba ni kalanda da takardar tambaya:
Yaya kika ga hidimarmu?
Na rubuta: ruwanku akwai sanyi.

Yau mako uku.
Jak ɗin, ko da ƙafa yake tahowa,
ya ci a ce ya wuce Jaji.

Na ɓare ledar kujerun da hannuna,
yara suna cin gyaɗa a baya, ban hana ba.
Ƙusar tana nan, na naɗe ta cikin shafi na sha bakwai.
Lambar Haladu kuwa tana wayata,
na sa mata suna Garanti.